Ytterby, ƙauyen da ya rikita masana sinadarai

Kafin in taso daga Kano, saƙonnin da tsohon ɗalibina ya riƙa turo mini kusan duk a kan tufafi suke. Yana karatun digiri na uku a Stockholm, babban birnin Suwidin, kuma ya daɗe yana matsa mini in leƙo in ga inda ilmin sinadaran da na fara ɗora shi a kai ya kai shi. Da na ce masa cikin Oktoba zan zo, sai ya bar zancen biza da jirgi, ya koma wa riga da safa. "Malam, don Allah kada ku sayi ƙatuwar riga guda ɗaya ku ce kun gama," in ji shi. "Sirara uku sun fi mai kauri ɗaya. Kuma wadda za ta taɓa fata, kada ta zama ta auduga."

Na je wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai na zayyana abin da nake so. Mai rumfar ya dube ni, ya dubi ranar da ke dukan kwanon rumfarsa, ya ce, "Alhaji, Jos za ka ko Turai?" Ya zazzage mini dila guda, muka tsinto ta ciki mai kama jiki, da suwaita ta ulu, da jaket wadda ruwa ba ya ratsawa.

Hikimar abin mai sauƙi ce. Yadi ba ya haifar da ɗumi, jikinka ne ke haifar da shi, aikin tufa kawai ta tsare iskar da jikin ya ɗumama kada ta gudu. Tsakanin kowace riga da 'yar'uwarta akwai iska a kulle, don haka uku suka fi ɗaya. Auduga kuwa, da muke ƙauna saboda tana shan gumi, wannan halin nata ne ke cutar da mutum a ƙasar sanyi: ta sha gumin ta riƙe, ta manne a baya, iska ta buso ta mayar da ita sanyi ƙarara. Ulu ko ya jiƙa yana ci gaba da riƙe ɗumi. Ga kuma wata fa'ida da sai an je ake ganewa. A waje sanyi bai kai digiri 10 ba, amma cikin bas da jirgin ƙasa da kanti duk an ɗumama su, saboda haka wuni ake yi ana cirewa ana mayarwa. Mai ƙatuwar riga ɗaya ko dai ya dafu a ciki ko ya daskare a waje.

Ni dai ban yar da kaftanina ba. Na saka na ciki a ƙasa, kaftani a tsakiya, jaket a sama, ƙasan kaftanin yana lilo har gwiwa. Hula ce kaɗai ta gaza, domin wanda ya ƙirƙiro zanna-bukar bai yi tunanin kunnuwa ba. Aljihu ta koma, hular sanyi ta hau kai.

Kakarsu ba irin tamu ba ce. Tamu lokacin girbi ne da zafin rana da sabon gero. Tasu lokacin yayyafi ne marar yankewa, da rana mai gajarta kowace safiya, da itatuwa masu sauya launi. Wannan na ƙarshen ya burge ni, domin abu ne da na sha koyarwa a allo ban taɓa gani da yawa haka ba: in rana ta ragu, itace yana rusa koren sinadarin ganyensa ya janye abin da zai amfane shi, sai rawayan da dama yana nan a ɓoye ya bayyana, wasu itatuwan kuma su ƙera ja sabo. Itatuwa suna ado, mutane kuwa baƙi da toka-toka da shuɗi mai duhu suke sawa, babba da babba. Yara ne kaɗai ake yi wa launi, cikin wandunan roba masu haɗe da riga, ana sakinsu su yi birgima a taɓo ba mai tsawa. Kusan kowa yana rataye da ɗan abu mai ƙyalli a jaka ko a hannun riga, don fitilar mota ta haska shi in duhu ya yi. Suna da wata magana da kowane yaro ya haddace, wai babu mummunan yanayi sai mummunar sutura. Na yarda da rabinta. Magana ce ta mutanen da gidajensu ke da ɗumi kuma aljihunsu ke iya sayen jaket. Da wuya a faɗa wa almajirin da ke kwana a soro cikin hunturu haka ya ga hikimarta.

Abin da ya fi sanyin wahalar sabo shi ne shirun. Mu gaisuwa aiki ce mai zaman kanta: kwana, gajiya, iyali, aiki, sanyi, labari, sannan in akwai abin da ya kawo ka ka faɗa. Can kalma ɗaya ce, hej, da ita ake gaida yaro da tsoho da shugaban jami'a, an gama. Maƙwabcin ɗalibina, wanda ƙofarsu ke kallon juna, mun haɗu da shi a lif, ya ce hej, ya mayar da idonsa kan lambobin hawa har muka sauka. A tashar bas kowa yana tsaye nesa da kowa. In akwai kujerar da ba kowa a gefenta, ba wanda zai zauna kusa da kai. Na tambayi ɗalibina ko don ni baƙo ne, ya yi dariya ya ce, "Malam, junansu ma haka suke yi wa. A wurinsu barin mutum da shirunsa girmamawa ce."

Ya kuma ba ni labarin yadda suka zubar da laƙabi. Da can su ma suna da nauyin baki, ba a kiran babba sai da muƙaminsa. A 1967 wani babban jami'in lafiya, Bror Rexed, da ya kama aiki ya sanar da ma'aikatansa cewa zai riƙa kiran kowa kai tsaye ba laƙabi, su ma su yi masa haka. Abin dama ya fara yaɗuwa, cikin 'yan shekaru ya zama ɗabi'ar ƙasa. Yau ɗalibi yana kiran farfesansa da sunan yanka. Na ji ɗalibina ya yi haka a gabana, ga dattijuwa mai furfura, sai da na sunkuyar da kai. Shi kuwa ya juyo gare ni ya ci gaba da "Malam, ku taho nan", bakinsa bai ko sarƙe ba.

Amma kada a ce ba sa hira. Suna yi, sai dai sun yanka mata lokaci da wuri. Sunan abin fika: a ajiye aiki, a zauna, a sha kofi da burodi mai kirfa, a yi taɗi. A ɗakin binciken su ɗalibina safe da yamma ake yi, kuma wanda ya cika ƙin zuwa ana lura da shi. Na zauna a irin wannan zama. An fara da ruwan sama, aka koma kan duhun da ke tafe, aka gangaro kan wanda ya tsinci naman kaza a daji ranar Asabar, wanda kuma ya ƙi faɗin inda ya samo. Ba wanda ya tambaye ni 'ya'yana nawa.

A tsakiyar birnin akwai wani ƙaramin lambu, Berzelii park, da mutum-mutumin Jöns Jacob Berzelius a tsaye. Na daɗe a gabansa, domin wannan mutumin ne sanadin jan biron da na ƙarar a takardun jarrabawa. Shi ne a 1813 da 1814 ya kawo tsarin rubuta kowane sinadari da harafi ɗaya ko biyu daga sunansa na Latin. Humphry Davy a Ingila ya riga ya ware ƙarafa biyu a 1807 ya kira su sodiyam da potasiyam, amma Berzelius ya bi sunayen natriyum da kaliyum, ya ba su Na da K. Yaron Suwidin ba ruwansa da wannan matsala, don a harshensu har yau natriyum da kaliyum ake cewa. Yaronmu da ke karatu da Ingilishi shi ke shan wuya: ya ji sodiyam ya rubuta S, ashe S ta ƙibiritu ce, ya ji potasiyam ya rubuta P, ashe ita ma da mai ita.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne amsar tana cikin madafin gidansu yaron. Natriyum daga natron ya samo suna, gishirin nan da ake kwasa a busassun tafkuna, wato dai kanwa, irin wadda ake kawowa daga ƙasar Manga da bakin Tafkin Chadi. Mafi yawan abin da ke cikinta haɗin sodiyam ne da kabonet. Kaliyum kuwa daga kalmar Larabci ta tokar tsirrai ya fito, wato abin da ke cikin ruwan tokar da iyayenmu mata ke tacewa daga karan da aka ƙona. Kanwa ita ce Na, toka ita ce K. Amma jeka kasuwa ka tambayi ɗan boko sunan kanwa da Turanci, zai ce maka potash ba tare da ya yi tari ba, a jaridu da shafukan girki ma haka ake rubutawa. An ɗauki sunan toka an liƙa wa kanwa, ya zauna daram. In manya sun yi shekaru suna wannan musaya, ban ga dalilin da zan riƙa zare wa ɗan aji huɗu ido ba.

Su ma 'yan Suwidin ba su tsira ba. Ƙarfen nan da ake yin zaren tsohon ƙwan lantarki da shi, Ingilishi na kiransa tungsten, kalmar da asalinta tasu ce, ma'anarta dutse mai nauyi. Ɗan ƙasarsu Carl Wilhelm Scheele ne ya fitar da sabon asid daga dutsen a 1781. Amma su da kansu volfram suke kiran ƙarfen, alamarsa kuma W. Sun ba duniya suna, sun ari na Jamusawa.

Duk wannan somin-taɓi ne. Inda na fi son zuwa shi ne Ytterby, a baki kusan Itarbi, wani ɗan ƙauye a tsibirin Resarö kusa da garin Vaxholm. Ranar hutun ƙarshen mako muka hau bas mai lamba 670 daga gaban jami'ar fasaha. Ba a karɓar tsabar kuɗi, kati ake dangwalawa. Hanyar ta ratsa daji da gadoji, ruwa a dama ruwa a hagu, kafin Vaxholm muka sauka muka canza wata bas zuwa tsibirin. Ba komai a wurin da zai ce maka ga tarihi. Gidajen katako ne ja da rawaya, da jiragen ruwa da aka fito da su aka lulluɓe da tamfol don shirin sanyi, da itatuwan tuffa da 'ya'yansu suka zube ba mai tsinta. Sai ka ɗaga kai ka karanta allon titi ka ga an sa masa sunan sinadari.

Ana hawa wata matattakala ta katako a bayan gidaje, doguwa, jiƙaƙƙiya, ganye ya rufe ta. A sama sai fuskar dutse da aka sassare, da allon ƙarfe da wata ƙungiyar masana ƙarafa ta kafa a 1989. An rufe bakin ramin. Iyakar abin ke nan. Amma daga wannan rami aka sa wa sinadarai huɗu suna a jadawalin da ke rataye a kowane ɗakin gwaji na duniya: itiriyam, itarbiyam, tarbiyam da erbiyam, masu lamba 39 da 70 da 65 da 68. Ba London, ba Paris, ba wani gari da ya sami haka. Sunan ƙauye ɗaya aka yi ta gutsura, wannan ya ɗauki kai, wancan ya ɗauki tsakiya.

Muna tsaye sai ga wani dattijo ya hauro da karensa. Na riga na koyi darasi, na ce hej na kama bakina. Shi ma ya ce hej. Ya dubi sama, ya ce da Ingilishi ruwan ya yi mana kara yau. Na ce ƙwarai, amma iskar ba ta yi ba. Ya dubi kaftanina da ke leƙowa ƙarƙashin jaket, ya dubi littafin da ke hannuna, ya ce ai ba mai hawa matattakalar nan a Oktoba sai mai kare ko mai ilmin sinadarai, kuma bai ga karena ba. Daga nan bakinsa ya buɗe, mutumin da na tabbata da a bas muka haɗu ba zai ko kalle ni ba. Sai na fahimci cewa ba magana suke ƙi ba, maganar da ba ta da abin riƙewa ce ba su iya ba.

Tun asali ba don waɗannan sinadarai ake haƙar wurin ba. Dutsen ƙanƙara ake fitarwa don masu narka ƙarfe, daga baya kuma wani farin dutse da ake niƙawa a yi tangaran. A 1787 wani laftanar na sojan igwa mai sha'awar duwatsu, Carl Axel Arrhenius, ya tsinci wani baƙin dutse da nauyinsa ya fi girmansa. Samfurin ya kai hannun Johan Gadolin a birnin Åbo, wanda yau ake kira Turku a Finland, shi kuma a 1794 ya nuna cewa akwai wata sabuwar "ƙasa" a ciki, kamar yadda masanan lokacin ke kiran irin wannan gari. Aka sa mata suna itiriya, kowa ya ɗauka abu ɗaya ne.

Sai 1843 Carl Gustaf Mosander, almajirin Berzelius, ya raba garin nan gida uku: fari, da rawaya, da mai ruwan hoda. Ya bar wa farin sunan asali, ya kira rawayan erbiya, mai ruwan hodan tarbiya. A nan rikicin ya fara. Waɗanda suka biyo bayansa cikin shekarun 1860 da 1870 suka maimaita aikin, wasu suka ce rawayan ma babu shi, aka yi ta musu a mujallu, kafin ƙura ta lafa sunayen sun yi musaya. Abin da Mosander ya kira tarbiya shi duniya ke kira erbiya yau, erbiyarsa kuma ta koma tarbiya. Ba a taɓa gyarawa ba. Duk ɗalibin da ya rubuta yadda mai gano su ya faɗa, ya faɗi jarrabawa.

Ban ga laifinsu ba, domin aikin ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsu. Waɗannan sinadarai halinsu kusan ɗaya ne, girman ƙwayoyinsu ya yi kusa da juna, duk abin da ya narkar da ɗaya zai narkar da sauran. Raba su kamar a zuba maka gero da maiwa a ƙwarya ɗaya ne a ce ka tsince da magariba. Dabarar kawai ita ce a narkar, a bari ya daskare, a kwashe, a sake, ana samun ɗan bambanci kowane zagaye. Kuma duk sanda aka ce an kai ƙarshe sai wani ya sake fasa abin. A 1878 Marignac a Geneva ya ciro itarbiyam daga cikin erbiya. A 1879 Per Teodor Cleve a Uppsala ya ƙara ciro biyu, holmiyam mai sunan Stockholm da tuliyam, a shekarar kuma Lars Fredrik Nilson ya sami iskandiyam. Wani Charles James a Amurka, don ya sami tuliyam mai tsabta a 1911, sai da ya maimaita narkarwa da daskararwa sau 15,000.

Dattijon ya ce an daina haƙa a 1933, daga baya sojoji suka mayar da ramin rumbun ajiye mai a zamanin yaƙin cacar baka. Ya tambaye ni ko ƙasarmu na da irin waɗannan duwatsu. Na ce muna da ɗan'uwansu, da rikicin suna irin nasa. A 1802 Anders Ekeberg ya gano tantalam, kuma ɗaya daga duwatsun da ya yi aiki da su daga nan Ytterby ya fito. Shekara guda kafin haka Charles Hatchett a London ya gano wani ƙarfe ya kira shi kolumbiyam. A 1809 aka ce ai abu ɗaya ne su biyun. A 1844 Heinrich Rose ya nuna biyu ne, ya sake wa na Hatchett suna niyobiyam. Aka shekara fiye da ɗari Amurka na faɗin ɗaya Turai na faɗin ɗaya, sai 1949 aka zauna aka tsayar da niyobiyam. Dutsen kuwa ya riƙe tsohon suna, kolumbait, wanda duk wanda ya san Bukuru da Barikin Ladi ya san shi. Da can zubar da shi ake yi cikin dattin kuza. Da aka gane amfaninsa a injin jirgin sama, a shekarun 1950 Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Tsofaffin unguwarmu da suka yi aikin kuza suna ba da labarin sanyin Jos da ƙarancin lada, ba wanda ya taɓa gaya musu sunan ƙarfen da suke wankewa, balle cewa suna biyu gare shi.

Ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, karen ya ja igiya, ya ce hej då ya gangara. Bai tambayi sunana ba, ban tambayi nasa ba.

A hanyar komawa ɗalibina ya riƙa lissafa mini inda abubuwan suke ɓoye a rayuwarmu. Erbiyam ke ƙarfafa hasken da ke ɗauke da intanet cikin wayoyin gilashi na ƙarƙashin teku. Itiriyam yana cikin garin da ke mayar da shuɗin hasken ƙananan fitilun zamani fari, irin waɗanda mai shayi ke ratayewa a teburinsa. Tantalam yana cikin wayar hannu. Mun tsaya a Vaxholm mun sha shayi muna kallon tsohuwar ganuwar da ke tsakiyar ruwa, kafin mu ankara rana ta yi ƙasa, muka nemi lungu muka yi sallah a kan jaket.

Mun iso gida mun cire takalma a bakin ƙofa, wanda shi kam al'adarsu da tamu sun yi daidai. Matar ɗalibina tana madafi. Cikin tsarabar da na kawo mata, tare da kuka da daddawa da yaji, akwai ƙullin jar kanwa, don ta ce garin soda da ake sayarwa a kantunansu yana nunar da wake amma ba ya ba da ɗanɗanon. Mijin ya ɗauki ƙullin yana jujjuyawa, ya ce zai ɗiba kaɗan ya kai ɗakin gwaji ya auna sodiyam nawa ne a ciki, potasiyam nawa. Na ce ya haɗa da ungurnu in an samu, don ba lalle su zo ɗaya ba. Muka shiga gardamar wace na'ura ta fi dacewa. Ta leƙo da ludayi a hannu ta ce, "Baba, ku yi haƙuri in katse ku. Ko ma mene ne sunanta, a miƙo mini, wake na kan wuta."